Kacalar da Na Kai wa Injiniya

Karatu ne ya kawo ni Greensboro ta Amurka, ba neman rigima da tsofaffi ba. Na zo yin digiri na uku a kan tsirran fadama, na kama ɗaki a unguwar Glenwood cikin wani tsohon gidan katako da ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara, ina shiga bas in tafi makaranta in dawo. Aikin farfesar da ke duba ni kuwa yana can ƙarshen Florida, a fadamar da ake kira Everglades. Da an yi hutun zafi sai mu loda kwalabe da robobi a mota mu nausa kudu, mu ɗebo ruwa da laka da saiwoyi, mu dawo da su lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, mu yi ta awo har shekara ta zagayo.

Wanda bai shiga Everglades ba zai ce muku tafki ne. Kogi ne, sai dai ido ba ya ganin ɗaya gaɓar, zurfinsa a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, tafiyarsa kuma sai ka ajiye ganye a kan ruwa ka zuba masa ido kafin ka yarda yana motsi. Ciyawar da ta rufe shi tana da haƙora kamar zarto. Ranar farko na kama ta da hannu don gwaninta, ta tsaga min tafi. Da damina ruwa ya bazu ko'ina, kifi ya yi ta haihuwa. Da rani ya ja da baya, kadoji su haƙa ramuka su tare ɗan abin da ya rage, kifi ya taru a ramukan, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su sauko su ci rabonsu. Ina ganin haka na ce a raina ai wannan gidanmu ne. Ni 'yar masunci ce daga fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kuma tamu ma haka take rayuwa a da, ruwa ya zo ya tafi.

Mai tuƙa mu wani dattijo ne ɗan asalin ƙasar, yana da jirgi mai ƙatuwar fanka a baya wanda ke gudu a kan ciyawa, ƙararsa sai an toshe kunne. Idan ya kashe inji muna cin abinci yakan ba ni tarihin wurin, ko murya ba ya ɗagawa. Sojoji ne suka koro kakanninsa cikin wannan ruwa. An kwashe mafi yawansu an kai yamma, 'yan kaɗan suka maƙale a tsibirai masu itatuwa suka ƙi fitowa, suka kuma ƙi sa hannu a takardar sulhu. Bayan sojoji sai mafarauta, suka yi ta harbin tsuntsaye don a yi wa matan birni ado da gashinsu a kan malafa. Bayan su sai masu awo. Aka haƙa magudanai, aka tare ruwa aka buɗe gonakin rake, har ya zama wani tsibirin ruwa ya shanye shi, wani kuma ya bushe ya kama wuta. Na tambaye shi ko ya huce. Ya ce bai ga abin da ya canza da zai sa ya huce ba, ya ci gaba da ɓare lemonsa.

A zuwanmu na biyu ne ya kai mu bakin wata magudana da ke kawo ruwa daga gonakin rake. Nan babu ciyawa mai haƙora ko ɗaya. Wata doguwar ciyawa ce ta tsaya kamar katanga, ta fi tsawon mutum, kanta ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Farfesa ta fara yi min bayani cewa takin gona da ruwan da ya daina janyewa ne suka ba ta wuri. Ban bari ta gama ba. Na ce mata na san ta, a garinmu kacala muke kiranta, kuma ita ta kashe ubana.

Ina ƙarama wasu ma'aikata suka zo garinmu da na'urorin awo, saboda dam da ake ginawa can saman kogi. Shugabansu injiniya ne dogo, mai cindo a hannun hagu. Babana aka haɗa da injiniyan ya zaga da shi a kwale-kwale, don babu lungun ruwan da bai sani ba. Mahaifiyata ta yi ta dafa masa tarwaɗa da karfasa, ni nake kai kwano, shi ya sa na san hannun nan kamar yunwar cikina. Ranar da za su tafi dattawa suka tare shi a ƙofar gidan mai gari suka tambaye shi ko dam ɗin zai hana mu ruwan shekara. Ya dafa kafaɗar babana ya rantse da Allah cewa kowace damina za a saki ruwa a lokacinsa, ya ce in an fasa a zo a kama shi. Mutane suka yi dariya suka sa masa albarka.

Ba a saki komai a lokacinsa ba. Ruwan ya koma ɗan tsiriri mai zuwa rani da damina, ba ya cika kuma ba ya janyewa, kacala kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsayen jan-baki suka samu masauki a cikinta suna tashi su share ɗan geron da ya rage a tudu. Babana ya ajiye taru ya ɗauki lauje. Shi da sauran maza suka yi ta gayya, ruwa har ƙirji, matsattsaku na shan jininsu, su yanke yau ta tsiro kafin wata ya mutu. A ruwan nan ya ɗauko tsargiya, ya yi ta fitsarin jini, daga baya ciki ya kumbura, ƙafafu suka bi. Ina makarantar kwana aka aiko cewa an rufe shi. Tun daga ranar abu ɗaya nake so a duniya: mutumin da ya yi rantsuwar nan ya san abin da ya yi mana, kuma ya ɗanɗana. Ban taɓa zaton zan sake ganinsa ba.

A Greensboro akwai wata nas 'yar Kano da muka haɗu a shagon kayan abincin Afirka da ke titin Gate City Boulevard, muna takarar ƙullin daddawa na ƙarshe. Ta bar min daddawar, ta kuma riƙe ni kamar ƙanwa. Anti nake kiranta. Gidanta yana East Greensboro, duk azumi can nake buɗa baki, in na dawo daga Florida fuskata ta ƙone ta yi ta tsokanata wai an aiko ni karatu na koma su. Wata shekara ta ce min mahaifinta ya zo zama wurinta tunda tsohuwarsa ta rasu, in zo in gaishe shi.

Na same shi a falo da baƙi, ya tsufa, ya ranƙwafa, amma muryar tana nan. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa shayi. Damansa na riƙe da carbi, sai ya karɓa da hagu, na ga cindon. Ban ma buƙaci hannun ba, don da bakinsa yake ba baƙi labarin dam ɗin da suka gina, wai sun mayar da daji gona, sun koya wa kogi ladabi. Da Anti ta gaya masa abin da nake karantawa ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu duk faɗin Amurka sai ciyawa na zo karantawa. Daga ranar likitar ciyawa yake kirana. Na yi murmushi na koma kicin. Wallahi da na bi zuciyata da na watsa masa shayin nan a fuska. Abin da ya hana ni shi ne na ga watsa shayi ya yi masa araha.

Bayan gidan Anti gangare ne, a ƙasansa akwai wata 'yar kwata da ruwan sama ke bi. Zaman kaɗaici ya ishi tsohon, sai ya share wurin ya yi lambu. Ya shuka yakuwa da rama da kuɓewa da gauta da 'yar masara, kuma gaskiya hannunsa na da albarka, rabin Hausawan garin a lambun nan suke samun ganyen miya. Lambun ne kaɗai abin da yake tashi dominsa. Da yake injiniya ne, bai iya ganin ruwa na wucewa ya ƙyale ba. Ya jera buhunan yashi ya tare kwatar, ya sa katako a tsakiya a matsayin ƙofa, ya samu kududdufinsa. Da kansa ya ja ni ya nuna min, yana ta bayanin yadda ruwan zai zauna rani da damina. Na dubi ruwan a tsaye, na dubi buhun takin da yake zubawa ba awo yana gangarowa ciki. Nan take na san abin da zan yi.

Ba sai na ɗauko kacala daga Florida ba, 'yar'uwarta tana nan cike da kwatocin bakin titi. Wata Asabar da rana na sa takalmin robana na aiki na shiga wata kwata bayan wurin sayar da motoci a Gate City Boulevard, na tono saiwoyi na cika bokiti. Masu wucewa ko kallona ba su yi ba. Na kai masa na ce tsaraba ce daga likitar ciyawa, za ta riƙe masa gaɓar kududdufi ta kuma tace ruwa. Ban yi ƙarya ba, tana yin duka biyun. Ya yi ta godiya, ya naɗe wando ya dasa ta da hannunsa, layi-layi, har da igiyar awo. Da ta girma ta fitar da kai ya kira ni a waya ya ce abin ya yi kyau, har hoto ya ɗauka ya tura gida. Mutumin da ya cika mana ƙasa da kacala bai ma san fuskarta ba, kuma wannan ya fi rantsuwar ƙona min rai.

A shekarar farko kacalar ta zagaye kududdufin. Da sanyi ya shigo ta bushe ƙarmas, ya ɗauka ta mutu, har ya yi min jaje. Na karɓi jajen. Da ɗumi ya dawo ta fito ta ko'ina, ta cike tsakiyar ruwan, ta bi laima ta shiga kunyoyin rama da yakuwa, ta toshe ƙofar katakon har ruwa ya koma baya ya kwanta a kan kuɓewa ya ruɓar da ita. Wasu baƙaƙen tsuntsaye masu ja a kafaɗa suka tare a cikinta suka far wa masara. Sauro ya yi yawa har maƙwabciya ta zo ta yi wa Anti magana. Kawunan suka fashe, audugarsu ta bi iska ta manne a tagogi da shanya.

Ya kira ni, wannan karon ba tsokana. Ya ce, "'Yata, ke kika karanta abin nan. Mene ne maganinta?"

Na san maganinta sarai. Kacala ta karan da ke sama take shaƙar iska ta kai wa saiwa. In aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, aka bar ruwan ya rufe kututturen, shaƙewa take yi ta mutu. A Everglades na koyi wannan, kuma ranar da na koya sai da na ɓuya bayan mota na yi kuka, don da babana ya samu mai gaya masa da wataƙila bai daɗe haka cikin ruwa ba. Na dubi tsohon na ce, "Sai yanka, Baba. A yanke ta daga sama, in ta fito a sake yankewa."

Yana da lauje da ya zo da shi daga gida. Ya fara shiga ruwan da safe bayan Anti ta tafi aiki, saboda ta riga ta hana shi. Ni kuwa in ba ni da lab sai in shiga bas in zo, in ɗauko kujerar roba in zauna a inuwa da kofin zoɓon da aka yi da yakuwarsa. In ga shi ruwa har cinya, gumi na zuba, yana jan numfashi da ƙyar, yana tara dami a gaɓa. Kafin ya gama wannan gefe wancan ya tsiro kore shar. Wani lokaci ya ɗago ya ce min wannan ciyawa ba ta da tsoron Allah. In ce masa haka take, Baba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Daɗin da na ji a kujerar nan ban ji irinsa ba ko ranar da aka ba ni digiri. Sannu ma ina yi masa, irin sannun da ake yi wa ma'aikaci.

Ranar da ya faɗi ba na nan. Santsin laka ya kwashe shi, ƙashin ƙugunsa ya karye, ya daɗe kwance a gaɓa yana kira kafin maƙwabciyar nan ta jiyo shi ta kira motar asibiti. Likitoci suka ce sai tiyata, suka kuma gaya wa Anti gaskiya cewa da shekarunsa da zuciyarsa ba lallai ne ya tashi ba. Ta bi mutane da waya ta ce Baba yana son ganin kowa kafin a shiga da shi.

Kun san al'adarmu. Wanda zai yi doguwar tafiya ko ya ga alamar ajali yakan nemi gafarar jama'a, kuma amsar a shirye take a bakin kowa tun kafin a tambaya. Muka taru a ɗakin asibitin da hantsi, maza a gefen gado, mata wajen ƙofa, har da 'yan cocin da ke karɓar ganyen miya a wurinsa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa a yafe masa. Kowa ya ce bai yi masa komai ba, shi ma ya yafe musu. Wasu na share hawaye. Da ya zo kaina ya ɗan yi murmushi ya ce, "Likitar ciyawa, ke ma ki yafe min tsokanar da nake miki."

Na ce, "Tsokana ba komai ba ce, Baba. Amma ka yi min wani abu."

Na matsa kusa da gadon na gaya masa komai, ban ɗaga murya ba. Na gaya masa kwale-kwalen da kifin da ya ci, da rantsuwar da ya yi a ƙofar gidan mai gari hannunsa a kafaɗar babana. Na gaya masa yadda ruwan ya koma, da laujen, da fitsarin jinin. Na ce ciyawar da ta kayar da shi sunanta kacala, ita ce babana ya yi ta yankewa har ya mutu. Ina faɗar haka na ga Anti ta juyo ta ƙura min ido, don ta tuna wanda ya kawo bokitin.

Shi kuwa ya saurare ni har ƙarshe. Na shirya wa musu, na shirya wa kuka, na ma shirya wa zagi. Sai ya ce a hankali, "Garuruwan da muka zaga suna da yawa, 'yata. Ko'ina an ba mu kifi, ko'ina mun yi magana. Wanne ne naku?"

Na faɗa masa sunan garinmu. Ya maimaita shi sau biyu yana kallon silin, kuma na ga da gaske yake nema, ba wasa yake min ba. Ya girgiza kai ya ce bai tuna ba. Sannan ya ce ko da yake bai tuna ba, in dubi Allah in yafe masa.

Ashe rantsuwar da ta cinye mana gida guzurin tafiya ce a wurinsa, kowane gari ya sauka ya ɓalla musu guda. Na ce masa Allah ya sa a yi aiki a sa'a, na juya na fita.

Anti ta biyo ni har bakin lif. Ba ta yi maganar bokitin ba, ban san dalili ba, wataƙila ba ta da lokaci. Ta riƙe min hannu biyu tana kuka ta ce kalma ɗaya ce, in koma in faɗa ko da ba ta kai zuci ba, kada ubanta ya shiga ɗakin tiyata da wannan a kansa. Ta ce in tuna zumuncin da ke tsakaninmu. Na tuna, kuma ya yi min ciwo, don ba ni da kamarta a ƙasar nan. Na ce mata wanda ya kamata ya yafe yana kwance a maƙabartar garin da ubanta bai tuna ba, kuma bai bar min saƙo ba. Lif ya buɗe na shiga.

An yi tiyatar, bai farfaɗo sosai ba, kafin mako ya zagayo ya cika. Na je zaman makoki, don ko maƙiyi ana zuwa gaisuwarsa. Anti ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Na samu wuri a kicin cikin mata na zauna a ƙasa. Bayan an yi addu'a liman ya ɗaga murya daga falo ya ce bawan Allah ya tafi inda dukanmu za mu, duk wanda ya san marigayi ya taɓa masa haƙƙi ya daure ya yafe masa yanzu don ya kwanta da sauƙi. Muryoyi suka tashi tare, maza a falo mata a kicin, kowa na cewa ya yafe. A lokacin ne Anti ta ɗago ta dube ni, ba idona take kallo ba, bakina take kallo. Na bar shi a rufe.